Daga Kafin Dafga Zuwa Samaru: Taron Ranar Mata A Jami'ar Zariya

'Yar ƙanena ce ta jawo mini wannan tafiya. Tana aji uku a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tana karatun aikin gona, kuma a duk zuriyarmu ita ce mace ta farko da ta taka ƙofar jami'a. Cikin watan Fabrairu ta bugo waya ta ce ita da 'yan'uwanta ɗalibai mata suna shirya taron tunawa da matan da suka yi abin a zo a gani a ƙasar nan, ranar 8 ga Maris, wato Ranar Mata ta Duniya, kuma an ce duk wadda ta samu hali ta gayyato uwa ɗaya daga garinsu. Ta ce, "Gwaggo, kin san Inna ba za ta iya barin gida ba, ke za ki tsaya mata. Ga shi ke malama ce, ba za ki rasa abin da za ki kai wa 'yan ajinki ba." Na nemi izinin maigida da na hedimasta, duk suka amince, na ce wa autana ya shirya ya raka ni.

Kafin ka ce kwabo labari ya zaga Kafin Dafga cewa Malama za ta Zariya wajen 'yar jami'a. Nan fa saƙo ya yi ta shigowa. Uwar yarinyar ta aiko da galan na man gyaɗa, matsar hannunta, da ƙullin ƙuli-ƙuli. Maƙwabciyata ta kawo daddawa da garin kuka. Tsohuwar ungozomar da ta yanke wa yarinyar cibiya ta dogaro sanda ta kawo yajin da ta daka, ta ce a gaya mata ta riƙe sallah, ta kuma riƙe mutuncinta. Ni kuwa busasshen kifi na saya, irin wanda masunta ke kamowa a madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a ƙasar Karaye a 1992. Da aka gama ɗaure-ɗaure sai ga buhu guda cur, ban da jakar tufafina.

Sammako muka yi. Ana idar da sallar asuba 'yan acaɓa suka ɗauke mu zuwa Karaye. Hunturu ya riga ya yi sallama, sai ɗan hazo da ƙura, gonaki duk fayau, shanun Fulani na kalar abin da ya rage na kara. A tashar Karaye muka tarar da wata Golf tana lodi, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, yadda aka saba. Da ɗan kamasho ya faɗi kuɗin mota sai na ce, "Haba ɗana, Makka za ku kai mu?" Direba ya leƙo ya ce, "Hajiya, gidan mai za ki je ki yi musu wannan tambayar." Bai yi ƙarya ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, litar da a da ake saye ƙasa da Naira 200 ta riga ta haura 600 a lokacin tafiyarmu, kuɗin mota kuma ya bi ta a guje. Buhun tsarabar ma sai da aka yanka masa nasa kuɗin, kusan rabin na mutum guda.

Muna ratsa ƙasar Kiru hira ta ɓarke. Wani dattijo mai fataucin rake, mutumin Rogo, ya tambayi inda muka nufa. Da na gaya masa sai ya yi dariya ya ce, "To su mata me suka yi da har za a ware musu rana? Mu maza yaushe ce tamu?" Kafin in buɗe baki wata tsohuwa da ke rungume da kwandon kaji a gefena ta ce, "Alhaji, ranar da aka haife ka wa ya sha wuya?" Mota ta kwashe da dariya, har da shi Alhajin. Daga nan ya saki jiki, ya ba mu labarin 'yarsa da ta gama sakandare da sakamako mai kyau amma ya aurar da ita don ba shi da ƙarfin kai ta gaba. Ya ce shi ba ƙin boko yake yi ba, lissafi ne ya ƙi: kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, ga ƙannenta reras a baya. Irin maganar da nake ji ke nan daga bakin iyayen ɗalibaina duk shekara.

A Kwanar Dangora ƙaramar hanyarmu take faɗawa babban titin Kano zuwa Zariya, kuma duk wanda ya saba bin titin ya san wurin da abinci. Mota ba ta gama tsayawa ba 'yan talla suka yanyame mu da dafaffen ƙwai, awara, gyaɗa, rake da ruwan leda. Muka karya a teburin wani mai shayi, na ƙara wa yaron tsire. Abin da muka kashe a zama ɗaya zai yi wa gidana cefanen wuni. Amma ba tsadar ce ta fi damuna ba. Hantsi ya riga ya dubi ludayi, ranar makaranta ce, kuma akasarin masu tallan 'yan mata ne tsaran 'yan aji biyar da shida da nake koyarwa. Na tambayi wata mai awara ko tana zuwa makaranta. Ta ce tana zuwa, in an sayar da wuri.

Daga nan muka hau bas ɗin Zariya. Titin tagwaye ne, an sabunta shi sumul, har direba ya riƙa sharara gudun da ya sa fasinjoji suka yi masa ca. Ba a jima ba muka shiga jihar Kaduna ta ƙasar Makarfi, gidan rake da mazarƙwaila. A Tashar Yari an jingine rake dami-dami a bakin titi. Ƙasar ba ta da wani bambanci da tamu: rumbuna iri ɗaya, fadamu iri ɗaya, mata da 'yan mata ɗauke da itace da ruwa kamar a gida. Kafin azahar muka sauka a Kwangila, ƙarƙashin gadar sama, inda hanyar Funtuwa da Sakkwato ta ratsa. Nan 'yar tawa ta tarye mu, muka shiga Keke zuwa Samaru.

Gani ya kori ji. Na sha jin ana cewa jami'ar Zariya gari guda ce, sai da na shiga na yarda. Ga tituna, ga inuwar itatuwa, ga masallatai da majami'u, kasuwa, bankuna, da motocin haya da ba sa fita waje. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoban 1962, tana ɗauke da sunan Firimiyan Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Samaru ce babbar haraba. Akwai ta Kongo inda ake karatun shari'a da na mulki, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Yarinyar ta nuna mini ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da dogon benen majalisar jami'a, amma inda ya fi kama raina shi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda tushenta ya girmi jami'ar, don tun 1922 ake gwajin iri a Samaru. Irin masara da na wake da malaman gona ke kawo mana, masu suna SAMMAZ da SAMPEA, a nan ake fitar da su. Na ce mata, "Ashe tun ba ki zo ba Samaru take shiga rumbun babanki."

Ɗakin kwananta yana rukunin 'yan mata da aka sa wa sunan Sarauniya Amina. Autana ya tsaya a waje, wani ɗalibi ɗan Karaye ya tafi da shi ɓangaren maza. A ɗakin na tarar da Bayarabiya daga Ilori, 'yar Tibi daga Binuwai da Babarbariya daga Maiduguri. Kowacce ta gaishe ni da irin gaisuwar gidansu, suka shiga kirana Gwaggo su ma. Da aka kwance buhu sai ɗaki ya kaure da murna. Sun ce farantin shinkafa da wake a wurin masu abinci, ko nama babu, in ɗaliba ta ce kullum sai ta saya to kuɗin wata ba zai kai ta sati biyu ba. Don haka suke haɗa kai su dafa da kansu, wannan ta kawo garin rogo, waccan manja, tamu kuma kuka da daddawa.

Baƙi ba sa kwana a ɗakunan ɗalibai, saboda haka aka shirya mini masauki a cikin garin Samaru, gidan mahaifiyar wata ƙawarta. Hajiyar Bazazzagiya ce ta asali, daga cikin birni aure ya kawo ta. Mijinta ya rasu, da sana'ar waina ta riƙe marayunta har suka yi karatu. Tana jin daga ƙasar Kano nake sai wasan Kanawa da Zage-zagi ya tashi. Ta ce, "Lale marhabin da baiwata! Yau dai Bakanuwa za ta huta da garau-garau." Na ce, "Uwargijiyarki dai ta zo duba ki, kuma na san ba abin da za ki ba ni sai fate." Faten kuwa aka kawo, na tsaki, ya sha rama da yakuwa da gyaɗa. Na cinye na nemi ƙari, ta kuwa samu abin tsokanata har na bar garin. Da dare ta bar mini gadonta ta shimfiɗa tabarma, duk magiyar da na yi ta ƙi ji.

A gidan nan na ga bambancin zaman birni da namu. Komai sai da kuɗi. Ruwa sai 'yan garuwa sun kawo, gawayi a ƙulle a leda, zogalen da muke tsinka a danga kyauta an kasa shi kashi-kashi ana ciniki. Ɗaki ɗaya da ɗalibai ke kamawa haya a shekara, sai manomi ya fitar da buhunan masara kafin ya biya. Hajiya ta ce, "Ku kuna da abinci babu kuɗi, mu muna ganin kuɗi amma ba ya kwana." Sai dai suna da abin da muka rasa. Makaranta tana kusa, da ƙafa yarinya take zuwa, kuma tana tashi tana ganin mata likitoci da lakcarori suna wucewa ta ƙofar gidansu. Ba sai an yi mata dogon bayani cewa mace na iyawa ba.

Ranar taro muka hallara a wani babban ɗakin lacca. Aka buɗe da addu'a, manyan baƙi suka yi jawabansu, aka tafa, suka fita. Wata ɗaliba ta yi taƙaitaccen bayani cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara raya wannan rana a 1975, a Amurka kuma tun 1987 aka ware watan Maris ɗungurungum don tarihin mata. Sannan aka miƙa abin magana ga wata malamar tarihi, wadda ta bi hotuna da zane-zanen da aka jera a bango ɗaya bayan ɗaya.

Da mai gari ta fara, Amina 'yar Bakwa Turunku, kuma ba tatsuniya ta yi mana ba. Ta ce masana sun saɓa a kan zamaninta. Littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wasu masanan kuma suka kai ta ƙarni na 16, har akwai masu ganin jagorar yaƙi ce kawai, ba ta hau gadon sarauta ba. Abin da babu musu a kansa shi ne magabata sun rubuta sunanta, kuma har yau ana danganta tsofaffin ganuwoyi da dama gare ta. Tarihin Kano ya kawo cewa Sarkin Nupe ya aiko mata da goro 10,000. Da malamar ta zo inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri cewa har Kano da Katsina sun biya ta haraji, sai na ji Hajiya mai masaukina ta zungure ni da gwiwar hannu.

A kan Nana Asma'u ta fi daɗewa, ni ma a nan na fi kasa kunne. An haife ta a 1793, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, matar Waziri Giɗaɗo, ta rasu wajen 1864, kabarinta yana Hubbare a Sakkwato. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, fiye da ayyuka 60 nata sun iso zamaninmu. Mahaifinta tun farko ya soki malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a cikin gida. Ita kuma ta duba ta ga matan ƙauye ba za su iya barin miji da 'ya'ya su zo birni karatu ba, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Daga kowane ƙauye akan taso tawagar dattijan mata da 'yan matan da ba su yi aure ba, ƙarƙashin jagorancin wata amintacciya da ake kira jaji, wadda Nana ke naɗawa da malfa da jan ƙyalle. Su zo da sadakar hatsi da zuma da zane, su haddace karatu a cikin waƙa, su koma su koya wa matan aure a cikin gidajensu: tauhidi, tsarki, sallah, kula da maras lafiya, zaman lafiya da maƙwabta. Wannan tsari bai mutu da mutuwarta ba. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi, kuma Baturiyar nan Jean Boyd, wadda ta fitar da littafin tarihin Nana a 1989, ta tarar da masu riƙe da shi a ƙasar Sakkwato.

Labarin Hajiya Gambo Sawaba a wasan kwaikwayo ɗalibai suka kawo shi. Wata siririyar yarinya ta ɗaura ɗankwali ta hau tebur tana jawabi, 'yan doka na jan ta, tana tirjewa. An haifi Gambo a 1933, ta tashi a Sabon Garin Zariya, ta shiga jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano tun tana matashiya, ta zama shugabar matanta, ta je har Abekuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti. Masu rubuta tarihinta sun ce sau 16 aka ɗaure ta. Abin da take nema shi ne a bar yara mata su yi karatu, a daina aurar da su da ƙuruciya, a kuma bar matan Arewa su jefa ƙuri'a. Matan Kudu sun yi zaɓen 1959, namu kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Ta rasu a 2001. Duk macen da ta taɓa shiga layin zaɓe a Kafin Dafga ta ci moriyar wannan wahala, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Sai malamar ta ce duk mai Naira 20 a jaka ta fito da ita ta duba bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda ta koyi sana'ar a hannun 'yar'uwar iyayenta, ba a aji ba. A 1954 ta shiga cibiyar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, aka kai tukwanenta baje koli har Ingila, ita kanta ta je ta nuna gwanintarta a Turai da Amurka. A 1977 wannan jami'a da muke zaune a cikinta ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984.

Daga nan aka zo kan 'ya'yan jami'ar na cikinta. Hajiya Bilkisu Yusuf, da ta karanci kimiyyar siyasa a nan, ta zama editar Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985, ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, da ta gama karatun lauya a nan a 1975, ita ce mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa. Zainab Shamsuna Ahmed ta riƙe ma'aikatar kuɗi daga 2018 zuwa 2023. Aka kuma tuna cewa taron ƙara wa juna sani da aka yi a wannan jami'a a 1982 kan halin da matan Najeriya ke ciki shi ya haifi ƙungiyar matan nan ta WIN. Wata ɗaliba ta miƙe ta ce duk da haka tun 1962 mace ba ta taɓa shugabantar jami'ar ba, alhali Jami'ar Benin ta samu Grace Alele-Williams tun 1985, ta Dutse kuma ta samu Farfesa Fatima Batul Mukhtar a 2016. Ɗaki ya ɗauki tafi.

Duk wannan bayani da Turanci aka yi shi. Mu iyayen da aka gayyato an jera mu a sahun gaba, an raba mana lemo da cincin, amma da na waiga dama da hagu sai na ga yawancinmu kallo kawai suke yi, in an tafa su tafa. Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu, na yi sallama, na ce da Hausa, "Ranki ya daɗe Malama, Allah ya ƙara sani. Kin ce Nana ta mayar da karatu Hausa da Fulatanci don matan ƙauye su ji. To ga matan ƙauyen nan an kawo miki har gabanki." Malamar ta yi dariya ta ce na kama ta, ta ajiye takarda ta sake bin labarin da Hausarta ta Zage-zagi. Nan take wuri ya sauya. Wata dattijuwa daga ƙasar Giwa ta miƙe ta ce ita ungozoma ce, rabin garinsu a hannunta suka faɗo duniya, har da likitan da ke duba su yanzu. Wata ta ce kakarta ce ta koya wa matan unguwarsu Ƙawa'idi da Ishiriniya a tsakar gida. Wata ta ce da adashi da kiwon awaki ta kawo 'yarta nan. Ɗalibai suka fito da wayoyi suna naɗa. Aka wuce lokacin tashi, ba wadda ta motsa.

A nan na gane abin da ya haɗa matan da ke jikin bangon. Ban da waɗanda suka zo daga baya, babu wadda ta yi aikinta a cikin katangar jami'a. Nana ƙauyuka ta aika wa karatu, Gambo a kasuwa da dandali ta yi jawabi, Ladi a gindin murhun gasa tukwane ta yi suna. Jami'a ta kyauta da ta san darajarsu, ta sa sunansu a gine-gine, ta ba da digiri. Amma tarihinsu mallakar matan da suka fito daga cikinsu ne, kuma su ne har yanzu ba a ba su labari ba.

Washegari Hajiya ta ce ba zan bar Zariya ban ga birni ba. Muka bi ta Tudun Wada muka shiga ta Ƙofar Doka, ta nuna mini ragowar ganuwa, da ƙofar fadar Sarkin Zazzau mai ado, da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Muka gangara Ƙofar Gayan inda babban asibitin da aka sa wa sunan Gambo Sawaba yake. Hajiya ta ce ta san ta ido da ido, kuma mutanen Zariya ba siyasa kaɗai suke tuna ta da ita ba, har da gidanta da ba ya rabo da marayu da baƙi. Daga nan ta kai ni gidan yayarta, inda na tarar da matan gida zaune a inuwa kowacce da allura da zare, suna ɗinkin hula da aikin wuyan babbar riga. Aiki ne na makonni, amma ladan da dillali ke ba su bai kai rubu'in abin da ake sayar da hular a kasuwa ba, kuma mai sa ta ba zai taɓa sanin hannun da ya yi ta ba. Haka man gyaɗarmu da daddawarmu suke fita daga Kafin Dafga: kaya su tafi, sunan mai yi ya tsaya a gida.

Ranar komawa na ƙulle ɗan abin da ya sawwaƙa na miƙa wa Hajiya. Ta ɓata rai ta ce ko otal na ɗauki gidanta? Maimakon ta karɓa sai ta haɗo ni da turmin atamfa, da tsakin fate a leda, wai in kai wa Kanawa su koyi cin abinci. Ta rako mu har Kwangila, ba ta juya ba sai da mota ta tashi. Muka biyo hanyar da muka zo, La'asar sakaliya muna gida, mata suka cika tsakar gida ana sannu da hanya ana neman labari.

Da na koma aji na fito da Naira 20 na tambayi yara ko wace ce wannan. Babu wanda ya sani. Nana Asma'u kuwa sun ɗauka sunan makarantar Islamiyya ne kawai. Na ba su labarin yadda na ji shi, sannan na ba kowace yarinya aiki: ta je wurin tsohuwa ɗaya a gidansu ko unguwarsu, ta tambayi sunanta na yanka, da sana'arta, da wanda ya koya mata, da waɗanda ita ta koya wa, ta rubuto da Hausa. Abin da suka kawo ya cika littafi, kuma ungozomar da ta aiko da yaji ta fito a takardu da yawa.

Kirana na farko ga 'yan matan Karaye da Rogo da Allah ya kai jami'a, a Zariya suke ko Kano ko Dutsin-Ma: in an yi hutu kowaccenku ta zama jajin garinsu, ta shiga makarantun firamare da Islamiyyun matan aure ta faɗi abin da ta koyo da harshen da za a ji. Masu shirya irin wannan taro kuma su riƙa fito da shi daga haraba, su kai shi ƙauye da gidajen rediyo. Shugabannin ƙananan hukumominmu biyu, in an gina aji ko ɗakin haihuwa, a sa masa sunan malama ko ungozomar da ta yi wa garin hidima, tun tana raye. Iyaye kuwa, na san lissafin yana da nauyi, amma 'yar ƙanena da kuɗin man gyaɗa da adashi ta kai aji uku. A rage wa yarinya farantin talla da safe, a bar ta ta je makaranta.